Keke a ɗaki lokacin hunturu: abin da ya kamata mai saye ya duba kafin ya biya kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi masu karatunka mazauna ƙasashen da hunturu ke zuwa musu da dusar ƙanƙara, musamman waɗanda suka riƙi hawan keke a matsayin hanyar motsa jikinsu. A arewacin Turai da Kanada da arewacin Amurka, daga watan Nuwamba har zuwa Maris, hawan keke a titi yakan zama da wuya ƙwarai. A birnin Landan, alal misali, rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, hasken yinin gaba ɗaya bai cika awa 8 ba, saboda haka ma'aikaci yakan fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. Ga kuma siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta ba tare da ido ya gan ta ba, ga gishirin da hukumomi ke watsawa a tituna domin ya narkar da ita, wanda ke cin sarƙar keke da giya. Mutane da yawa sukan jingine keke har sai sanyi ya wuce, alhali kuwa ƙarfin numfashi da juriyar da mutum ya tara cikin watanni sukan fara raguwa cikin 'yan makonni da daina atisaye.

Maganin da aka samo shi ne na'urar da ake girke keke a kanta a cikin ɗaki, mutum ya hau ya yi ta murza feda, tana ba shi turjiya kamar yana kan hanya. Tambayar da nake yawan ji ita ce wace na'ura ce ta fi kowacce kyau, kuma ina ganin duk wanda ya fara da wannan tambaya ya ɗauko zancen ta inda bai dace ba. Kafin a je ga sunan kamfani, akwai kekensa da ya kamata ya duba, akwai ɗakin da zai girke shi, akwai kuma abin da yake nema daga atisayen. Na'ura mai tsada da aka saya ba tare da wannan lissafi ba, sau da yawa a bayan ƙofa take ƙarewa, yayin da wata mai sauƙi da ta dace da mai ita za ta yi masa aiki hunturu bayan hunturu.

Mafi daɗewa a cikin waɗannan na'urori ita ce mai ganguna uku masu juyawa, biyu a ƙarƙashin tayar baya, ɗaya a ƙarƙashin ta gaba, da bel da ya haɗa su. Ba a ɗaure keke a kanta, ɗora shi kawai ake yi, mahayi kuma ya riƙe daidaitonsa da kansa kamar yadda yake yi a titi. Tana koya wa ƙafa murza feda sumul ba tare da fizga ba, shi ya sa har yau ake ganin 'yan tseren fili suna ɗumama jiki a kanta kafin su shiga gasa. Sai dai tana neman natsuwa a kowace daƙiƙa, sabon shiga kuma ya kamata ya kafa ta a tsakanin ƙofa ko kusa da bango domin ya sami abin dafawa, ya riƙa kallon gabansa maimakon kallon taya. Mafi yawansu ba su da turjiya mai yawa, don haka ba su dace da wanda ke son atisayen hawan tudu ba. Ina girmama wannan na'ura, amma ba ita zan ce mutum ya fara da ita ba idan burinsa shi ne ya dawo daga aiki a gajiye ya sami awa guda ta motsa jiki ba tare da fargabar faɗuwa ba.

Ta biyu, wadda ake yawan gani a gidaje, ita ce wadda ake maƙale ƙarfen tsakiyar tayar baya a jikinta, tayar ta riƙa gogar wani ɗan nadi da ke haɗe da abin da ke ba da turjiya. Wannan abin iri uku ne. Akwai mai farfela da ke kaɗa iska, wanda ya kusa ɓacewa saboda tsananin ƙararsa. Akwai mai maganaɗisu, wanda galibi yake zuwa da ɗan maɓalli da ake ɗaurawa a kan keke domin ƙara nauyi ko ragewa mataki-mataki. Sannan akwai wanda farfelarsa ke juyawa a cikin wani mai mai kauri da aka rufe, kuma shi na fi so a cikin ukun, domin turjiyarsa tana hauhawa da kanta gwargwadon saurin taya. Dalilin da ya sa wannan ya fi kama da titi shi ne, a waje iska ce babbar abokiyar karawar mahayi, kuma ƙarfin da ake bukata domin ratsa ta ba ya ƙaruwa daidai da sauri: idan mutum ya ninka saurinsa sau biyu, ƙarfin da zai kashe a kan iska kaɗai yakan ninka sau takwas. Na'ura mai mai tana kwaikwayon wannan hali, mahayi kuma ya yi amfani da giyar kekensa kamar yadda ya saba. Amfanin wannan rukuni shi ne sauƙin kuɗi, da rashin nauyi, da kuma cewa ana naɗe ƙafafunsa a ajiye. Aibinsa kuwa yana wajen taya. Gogar nadi tana ɗumama roba, tana cinye tsakiyarta har ta baje, wani lokaci har a ga baƙin gari a ƙasa. Taya mai gwaragwaran haƙora irin ta keken daji ba ta dace da ita ba sam, domin ƙarar da za ta yi ba mai jurewa. Ana sayar da taya ta musamman domin wannan aiki, mai roba da ke jure zafi, amma ba a fita da ita titi saboda ba ta kama ƙasa. Wanda ba ya son yawan cire taya da mayarwa, sai ya nemi tsohon wili na baya ya sa masa wannan taya, ya riƙa musanya wilin gaba ɗaya.

Rukuni na uku shi ne wanda ake cire wilin baya ɗungurungum, a ɗora gangar jikin keken a kan na'urar, sarƙa ta hau kan jerin haƙoran giyar da ke jikinta. Tunda babu taya, babu zamewa, babu cin roba, ƙara kuma ta ragu har ya zama abin da aka fi ji shi ne sautin sarƙar da fanka. A cikinta akwai faifan ƙarfe mai nauyi da ke riƙe gudu, wanda ke sa feda ta ci gaba da juyawa a hankali kamar keke na gangarawa a kwalta, maimakon ta tsaya cak da zarar ƙafa ta sassauta. Kamfanin Wahoo na Amurka ya shigo kasuwa da tasa mai suna KICKR a 2013, kamfanin Tacx na ƙasar Holan ya fito da Neo a 2015 kafin kamfanin Garmin ya saye shi a 2019, akwai kuma Elite na Italiya da wasunsu. Masu ƙera irin waɗannan sukan ce kuskurensu wajen auna ƙarfin ƙafa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, yayin da na masu gogar taya yakan kai kashi 3 zuwa 5. Sukan kuma tallata cewa na'urar tana jure wat 2,000 ko fiye (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke turawa a feda), tana kwaikwayon tudu mai tsananin tsayi. Ina roƙon mai saye kada waɗannan manyan alƙaluma su ruɗe shi, domin mahayi na yau da kullum yana yin mafi yawan atisayensa ne a tsakanin wat 100 da 250, kuma biyan ƙarin kuɗi saboda iyakar da ƙafarsa ba za ta taɓa kusanta ba asara ce. Abin da ya fi cancantar tunani shi ne nauyinta, domin da yawansu suna kai kilo 15 zuwa 22, kuma wanda zai riƙa fito da ita daga ma'ajiya kowace rana zai fara neman dalilin fashin atisaye.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya natsu, domin rashin dacewar na'ura da keke shi ne abin da ya fi jawo wa sababbin masu saye ɓacin rai. Ya fara duba yadda aka ɗaure wilin bayan kekensa. Wasu kekuna suna da siririn tsinken ƙarfe mai ɗan hannu da ake buɗewa da rufewa ba tare da sifana ba, kuma faɗin wurinsu yakan zama milimita 130 ko 135. Sababbin kekuna masu birkin faifai galibi suna da ƙarfe mai kauri da ake murɗawa cikin jikin keken, mai kaurin milimita 12 da faɗin 142, ko 148 a kekunan daji. Na'urori da yawa suna zuwa da mahaɗan da suka dace da waɗannan, amma ba duka ba, kuma a rukunin masu gogar taya sau da yawa sai an sayi mahaɗin daban. Idan na'urar ta zo da nata tsinken ƙarfe, da shi za a yi amfani, saboda an ƙera kansa ya zauna daram a cikin maƙallin, yayin da na keken, wanda kansa kan zama na roba ko na alminiyam, yana iya fashewa ko ya suɓuce. Keken da aka ɗaure wilinsa da noti, ko wanda giyarsa ke ɓoye a cikin cibiyar wili, kamar yawancin kekunan zirga-zirgar cikin gari, galibi ba ya hawa na'urar da ake cire wili, sai dai mai gogar taya, ita ma da notuna na musamman.

Sai kuma maganar giya. Idan keke mai giya 11 ne a baya, jerin haƙoran da za a sa wa na'urar dole ya zama mai 11, kuma ya dace da irin cibiyar da ke jikinta, domin na kamfanin Shimano da na Campagnolo da wasu na SRAM ba mazauninsu ɗaya ba. Mai giya 8 ko 9 ko 10 yana bukatar wani siririn zobe mai kaurin milimita 1.85 a bayan haƙoran idan cibiyar ta masu 11 ce, in ba haka ba za su riƙa kaɗawa. Ba kowace na'ura ce ke zuwa da haƙoran a cikin kwali ba, don haka a tambaya. Tsohuwar sarƙar da ta miƙe kuma takan yi tsalle a kan sababbin haƙora, kuma sau da yawa laifin da ake ɗora wa na'urar na sarƙar ne. A 'yan shekarun nan an fito da wani tsari mai haƙori guda ɗaya, inda ake canja giya ta maɓalli a cikin manhaja, wanda ya sauƙaƙa wa gidan da mutum biyu ke amfani da na'ura ɗaya da kekuna daban-daban. Wanda bai saba da waɗannan abubuwa ba, ya kai kekensa wurin makanikin keke ya tambaye shi kafin ya yi oda, ya kuma karanta abin da kamfanin kekensa ya ce game da girke shi a na'ura, musamman idan jikin keken na kabon ne.

Game da ɗaki, abin lura shi ne girgiza ta fi ƙara damun maƙwabta. Mahayi yana iya jin na'urarsa ba ta da hayaniya, amma wanda ke ƙasan benen yana jin gurnani ta cikin rufinsa, domin dabe yana ɗaukar girgizar ya isar da ita. Shimfiɗar roba mai kauri tana rage wannan, tana kuma tare gumi. Akwai wata dabara mai sauƙi: a yi amfani da giya mai sauƙi a ƙara turjiya daga na'urar, saboda saurin juyawar faifai ne ke haifar da mafi yawan ƙarar. Idan na'urar ta ɗaga bayan keke, sai a sa wa tayar gaba matashi na roba ko katako har keken ya daidaita, domin zama a kan keken da ya sunkuya gaba yana tura nauyin jiki kan hannuwa da wuya.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko, wato zafi. Mutum zai yi zaton tunda saboda sanyi ya gudo ɗaki, zafi ba zai zama damuwarsa ba, amma shi ne babbar matsalar wannan atisaye. Jikin ɗan Adam yana mayar da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai na kuzarin da ya ƙona zuwa motsin feda, ragowar duka zafi yake zama. Ke nan wanda ke tura wat 200 a feda, jikinsa na fitar da zafin da ya kai wat 600 zuwa 800, kwatankwacin ƙaramar hita da aka kunna a ɗakin. A titi, mahayin da ke gudun kilomita 25 ko 30 a awa yana cikin iska mai ƙarfi da ke busar da guminsa nan take, kuma bushewar gumi a kan fata ita ce ke sanyaya jiki. Gumin da ya ɗiga ƙasa bai sanyaya komai ba, ruwan jiki ne kawai ya tafi. A ɗaki babu wannan iska, don haka zafin jiki ya yi ta hawa, jini ya karkata zuwa fata, bugun zuciya ya riƙa ƙaruwa alhali aikin bai ƙaru ba, ƙafa ta mutu da wuri. Da yawa daga cikin waɗanda suka ce sun gwada wannan na'ura sun ga azaba ce kawai, ba na'urar ce ta gallabe su ba, rashin iska ne.

Saboda haka ina ɗaukar fanka a matsayin ɓangare na na'urar, kuma da a ce kuɗin mutum ba zai isa duka biyun ba, gara ya sauko mataki guda a wajen na'ura ya sayi fanka mai ƙarfi. Ƙaramar fankar tebur ba ta wadatarwa. Ana son wadda ke hura iska mai yawa, a ajiye ta a gaba tana duban ƙirji da fuska, kuma zai fi kyau idan ana iya kunna ta daga kan keke, domin a minti goma na farko jiki bai ɗumama ba kuma iskar takan dame shi. A kashe hitar ɗakin, a ɗan buɗe taga ko da ana sanyi, saboda ƙaramin ɗaki a rufe yakan cika da tururi da iskar da aka riga aka shaƙa. Wanda ke atisaye a gareji kada ya kuskura ya kunna hita mai amfani da gas ko kananzir a rufe, domin hayaƙinta marar wari yana kisa, kuma mai numfashi da ƙarfi ya fi kowa saurin shaƙarsa. Gorar ruwa ta kasance inda hannu zai kai. Mutum yana iya zubar da lita guda ta gumi ko fiye a awa ɗaya, kuma hanya mafi sauƙi ta sanin nasa ita ce ya hau ma'auni kafin atisaye da bayansa, domin kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce ta ruwa.

Wannan gumi kuma yana da illa ga keken kansa, illar da ba a gani sai ta yi nisa. Gishirin da ke cikinsa yana ɗiga a kan kan keke, ya shiga ƙarƙashin ƙyallen da aka naɗe wurin riƙewa da shi, ya gangara cikin boris na wuyan keke da kawunan notuna. Alminiyam da ya sha gumi wata da watanni yakan ruɓe daga ƙarƙashin naɗin, kuma kan keke da ya karye a titi haɗari ne mai muni. A shimfiɗa tawul a kai lokacin atisaye, a goge keken da ɗanyen tsumma bayan an gama, a riƙa sa wa sarƙa mai kamar yadda ake yi idan ana fita waje.

Batun manhajoji ba zan ja shi da tsawo ba, domin talla ta riga ta yi musu aikin. Na'urorin zamani suna magana da waya ko kwamfuta ta Bluetooth ko wata hanyar sadarwa mai kama da ita da ake kira ANT+, manhajar ta riƙa umartarsu su ƙara nauyi idan hanyar da ke kan allo ta hau tudu. Zwift, wadda ta fara a 2014, ita ce ta fi shahara, akwai Rouvy mai nuna hotunan hanyoyi na gaske, akwai TrainerRoad mai tsara atisaye zalla, akwai kuma MyWhoosh. Yawancinsu biyan wata-wata ake yi, sai a sa wannan cikin lissafi. Ba na raina amfaninsu. A watan Fabrairun 2016, ɗan tseren Ostireliya Mathew Hayman ya karye a hannu a wata gasa a Beljiyam, ya yi makonni yana atisaye a garejin gidansa da Zwift, kuma bayan makonni shida ya lashe babbar gasar tseren keke ta Paris-Roubaix a Faransa, inda ya doke Tom Boonen wanda ya taɓa cin ta sau huɗu. A watan Disambar 2020 kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta tseren keke a intanet, inda Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ta yi nasara a ɓangaren mata, Jason Osborne na Jamus a na maza. Wannan ya isa shaida cewa atisayen ɗaki atisaye ne na gaske. Duk da haka, abin da ya ƙarfafa ƙafar Hayman shi ne awannin da ya zuba a kan sirdi, kuma wanda ke da na'ura marar lantarki da agogo a bango yana iya samun lafiyar da yake nema. Ga masu shiga tseren intanet kuwa, ina da roƙo guda: manhajar tana lissafa gudu ne da ƙarfin ƙafa da nauyin da mutum ya rubuta, kuma rage wannan nauyi da gangan ha'inci ne ga waɗanda suka faɗi gaskiya.

Idan na'urar tana auna ƙarfi, alƙalumanta ba su da amfani sai an kiyaye su. Mai gogar taya tana bukatar iskar taya ta zama iri ɗaya kullum, matsin nadin ma haka, sannan a ɗumama ta kamar minti goma kafin a yi gwajin daidaitawar da manhajar ke nema, inda ake ɗaga gudu a saki feda har ta tsaya da kanta. Akwai kuma tsarin da ake kira ERG, wanda ke riƙe mahayi a kan adadin wat da aka tsara ko yaya saurin ƙafarsa yake. Yana da kyau ga atisaye mai tsari, amma yana da tarko: idan gajiya ta sa ƙafa ta rage juyi, na'urar za ta ƙara nauyi domin ta cike adadin, nauyin ya ƙara rage juyin, har feda ta ƙi motsi. Maganinsa shi ne riƙe juyi 80 zuwa 95 a minti, a ɗan ƙara sauri kafin zango mai wuya ya fara, idan kuma abin ya faskara a dakata a rage adadin ba tare da jin kunya ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen tsara waɗannan adadi shi ne FTP, wato kimanin ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa guda, kuma hanyar da aka saba gano shi ita ce a yi iya ƙoƙari na minti 20 a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na matsakaicin abin da aka samu. Kada mutum ya damu idan adadinsa na ɗaki ya gaza na waje, domin haka yake ga mutane da yawa.

Kuskuren da ya fi yawa wajen amfani shi ne mayar da kowace rana ranar gasa. Tunda a ɗaki babu gangare, babu danja, babu tsayawa, ƙafa ba ta hutawa ko kaɗan, kuma awa guda a nan ta fi awa guda a titi cin jiki. Wanda ya riƙa matsa wa kansa kullum zai yi armashi a farkon hunturu, ya ƙosa kafin tsakiyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Hawa uku ko huɗu a mako, kowane na minti 45 zuwa awa guda, wasunsu masu tsanani, ya cika adadin mintocin. Guda ɗaya ko biyu su zama masu wuya, inda ake matsawa na 'yan mintoci a sassauta a sake, sauran kuma su zama a saurin da mutum zai iya yin hira yana kai. Zancen ƙarfafa tsoka ma kada a yi wasa da shi, saboda keke ba ya ɗora wa ƙashi nauyi yadda tafiya da gudu ke yi.

Ciwon mazauni yakan fi tsanani a ɗaki ko da sirdin bai taɓa damun mutum a waje ba, domin keken da aka ɗaure ba ya karkata, nauyi ya tsaya a wuri ɗaya. A riƙa miƙewa a kan feda na 'yan daƙiƙoƙi kowane minti goma, a sa wandon keke mai soso, a cire shi da zarar an sauka a wanke shi. Idan gwiwa ta fara ciwo, a duba tsayin sirdi kafin a ƙara ko da hawa ɗaya. Gidan da ke da yara ƙanana yana bukatar kulawa ta musamman, domin wili ko faifan da ke juyawa yana iya kama yatsa, sashen turjiyar kuma yakan yi zafin da zai ƙona hannu bayan dogon atisaye, don haka a rufe ƙofa, a kuma zare filogi bayan an gama. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari, da wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ya ga likita kafin ya fara, musamman kafin gwajin minti 20 ɗin da na ambata. Ciwon ƙirji ko jiri ko ɗaukewar numfashin da ba a saba ba dalili ne na sauka nan take da neman taimako.

Akwai abin da na'urar ba za ta koyar ba, wato shan kwana, da taka birki a kan jiƙaƙƙiyar hanya, da tafiya cikin motoci ko cikin ayarin mahaya. Saboda haka duk ranar da hanya ta bushe kuma babu ƙanƙara, ya kyautu a fita ko da na ɗan lokaci ne. Idan kuma sanyi ya wuce za a mayar da keke titi, a cire tayar atisaye a mayar da ta hanya, a tabbatar wilin baya ya zauna daidai kuma an ɗaure shi sosai, a warware naɗin kan keke a duba ko gumi ya ci ƙarfen, sannan a gwada birki biyun a ƙofar gida kafin a hau, tunda sun yi watanni ba a taɓa su ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, mahayin keke